Zakin Falo Ya Hau Dandamali

Wayar ce ta riga Yaya shigowa falon. Ta faɗo kan teburin da Auta ke guga, ta zame har ta daki dutsen gugar, bidiyon da ke cikinta bai ko tsaya ba.

"Ɗauki ki kalla," ya ce daga bakin ƙofa yana huci. "Ɗauki ki ga irin sakayyar da kika yi min."

Ba sai ta ɗauka ba. Muryarta ce ke fitowa daga wayar, tare da ta Dogo, ɗan wasan da ya fi kowa gajarta a ƙungiyarsu, shi ya sa ma suka liƙa masa sunan. Wani yanki ne na gwajin wasan kwaikwayon da za su nuna ƙarshen mako, mai suna Zakin Falo. Labarin wani magidanci ne da ogansa ke zagi a ofis ya ce na gode, kwandasta ya ture shi a mota ya ba da haƙuri, amma da zarar ya shigo gida sai ya rikiɗe ya zama zaki. Dogo ne mijin, Auta ce matar.

A daidai wurin da aka ɗauka, mijin ya gama dukan matar tana yashe a ƙasa, sai ya zauna a kujera yana yarfe hannu, ya ce da ita cikin shagwaɓa, "Tashi ki ɗora ruwan zafi ki gasa min hannun nan. Kanki tauri kamar dutse, duk kin ji min ciwo."

Dariyar 'yan ƙungiyar ta cika wayar.

Auta ta zare filogin dutsen gugar.

"Yaya, wasa ne fa."

"Wasa ne?" Ya tako har gabanta. "Wa ya san maganar nan duk duniya in ba ni da matata da ke ba? Ke da kika laɓe kina sauraron abin da ba ruwanki?"

"Ban laɓe ba." Ta ɗago ido ta dube shi. "Ni na ɗora ruwan, Yaya. Ka manta? Anti ba ta iya tashi ba ranar."

Ya ɗaga hannu. Mama da ta fito daga kicin a guje ta riƙe shi da hannu bibbiyu.

"Kar ka taɓa ta! So kake maƙwabta su sake taruwa mana?" Ta juyo kan Auta idanunta jajir. "Ke kuma rufe min baki, mara kunya. Tun yaushe manya ke zarya gidan iyayen yarinyar nan don a samu ta dawo ɗakinta? Ana gab da shawo kansu, sai ki kwashi sirrin gidanku ki kai wa saurayi ya baza a titi?"

"Mama, har yau kunnen Anti na hagu ba ya ji. Shi ma sirrin ne?"

"Tsakanin miji da mata ne. Ina ruwanki?"

Aka yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Kwamanda ne, aminin Yaya, mai kamfanin 'yan gadi. Bai taɓa shiga soja ba, amma tafiyarsa da takalminsa sun fi na soja zafi. Ya daɗe yana neman Auta, ta daɗe tana ce masa a'a, shi kuma bai taɓa ɗaukar a'ar tata a bakin komai ba, tunda Baba da Yaya suna tare da shi.

"Mama, a yi haƙuri, ni na tura masa bidiyon," ya ce yana rusunawa kamar mutumin kirki. "Ma'aikatana duk sun kalla, har ɗaya ya tambaye ni wai ba abokina ake nufi ba? Amma ni ban ga laifin Auta ba. Hure mata kunne aka yi. Ƙato da gemunsa, ba shi da sana'a sai tara jama'a a yi wa maza dariya."

"Sannu da kai rahoto," in ji Auta. "Kamfanin gadin ne ya koma na gulma?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Faɗi son ranki. In kika zo gidana za ki koyi magana."

"Allah ya sawwaƙe min."

Yaya ya fizge hannunsa daga riƙon Mama, ya ɗauki wayarsa ya nuna Auta da ita.

"Je ki gaya wa ɗan iskan nan, ko ya cire ni daga wasansa, ko in cire masa haƙora. Maganar aurenku kuma ki shafe ta. Da ma da ƙyar Baba ya ce zai duba. Yanzu zan kai masa wayar nan shago ya duba da kyau."

*

Tana cikin tasi a hanyar wurin gwaji wayarta ta yi ƙara. Lambar Anti ce, matar Yaya.

"Anti..."

"Auta, ke ma?"

Muryar a sanyaye take, ba faɗa a ciki. Da faɗan aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

"Anti, ki saurare ni, wallahi ban..."

"Ƙanwata ce ta kawo min bidiyon. Na kara a kunnen da ya rage min, na ji ana ta ƙyaƙyatawa. Har na ce me ya faru ne haka mai daɗi? Ashe ni ce." Ta ja numfashi. "Ke kika share min jini ranar. Ke kaɗai na bari ta ga yadda na koma. Ko mahaifiyata ban faɗa wa maganar ruwan zafin nan ba, don kunya nake ji. Yanzu 'yan matan layinmu in na wuce sai su riƙa yarfe hannu."

Hawaye suka wanke wa Auta fuska. Direban ya saci kallonta ta madubi ya ƙara sautin rediyo.

"Zan sa a cire, Anti. Na yi miki alkawari."

"A cire daga ina? Daga wayoyin mutane?"

Layin ya katse.

*

Zauren da suke gwaji tsohon ɗakin taro ne mai kujerun roba da fankokin da rabinsu ba sa juyawa. Yau ne gwajin ƙarshe, an gayyato ɗalibai da wasu 'yan jarida su kalla, har sun fara cika layukan gaba. A kan dandamali an shirya falon wasan: kujerar katako mai nauyi, tebur da kyalle a kai, da talabijin na kwali.

Ta samu Darakta, saurayin nata, a bayan labule yana gyara wayar fitila. Siriri ne mai tabarau, mai sanyin murya. Tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya daka wa wani tsawa ba, ko Dogo da ke manta layinsa kullum. Ita da ta tashi a gidan da ƙofofi ba sa rufuwa sai da ƙara, wannan sanyin ne ya fara sace mata zuciya.

"Tauraruwata, kin makara," ya ce da murmushi. Da ya ga idanunta sai murmushin ya gushe.

"Wa ya saki bidiyon?"

"Ni ne. Talla ce kawai. Kin ga yadda mutane ke..."

"Na ce maka ka canza maganar ruwan zafin nan. Ka ce in bari a yi gwaji da ita, za ka canza kafin kowa ya gani. Ka ce ko ba ka ce ba?"

Ya ajiye wayar fitilar. "Na ce. Kuma na gwada, Auta. Duk abin da na rubuta a madadinta ƙarya yake fitowa. Ba marubucin da zai zauna ya ƙirƙiro magana irin wannan. Ita ce zuciyar wasan."

"Zuciyar wasan?" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Kan matar yayana ne aka haɗa da bango. A kan bencin can na faɗa maka, ina kuka, har ka ba ni hankicinka. Ashe ni ina kuka, kai kana haddacewa."

"Kar ki faɗi haka."

"To me zan faɗa? In ce na gode?"

"Ba don kaina nake yi ba!" Ya matso yana rage murya. "Mutum irin yayanki ba ya tsoron nasiha, ba ya tsoron kotu. Abu ɗaya yake tsoro, a yi masa dariya. In maza suka zauna a zauren nan suka ga yadda irinsu yake a idon duniya, wallahi wani zai koma gida ya kasa ɗaga hannu. Wannan ba taimakon Anti ba ne?"

"Ka tambaye ta? Ka taɓa tambayarta ko tana son taimakon naka? Yanzu muka gama waya. Ba Yaya kaɗai ake wa dariyar ba. Matar da ke kwance a ƙasa fa, ita ba mutum ba ce? Shi ya dake ta a ɗaki, kai ka fito da ita tsakar gari."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Jama'a sun zauna, Auta. Yau kaɗai. Gobe mu zauna mu yi magana."

"Yaya ya tafi kai wa Baba wayar. Gobe babu wata magana tsakanina da kai in ba ka cire ba. In kana sona, ka cire yau."

Ta tsaya tana kallon bakinsa, tana roƙon Allah a ranta ya motsa.

"Kada ki sa ni zaɓi," ya ce a hankali.

"Ai ka zaɓa."

Dogo ne ya leƙo da gashin bakinsa na roba a karkace, ya haɗa hannu biyu. "Don girman Allah, uwargida, in za ki sake shi ki bari sai an tashi. Ni dai matata ta wasa nake nema, an buɗe ƙofa."

Ba ta yi dariya ba. Ta share fuska, ta ɗaura zanen wasan a kan kayanta. A ranta ta yanke cewa in aka zo wurin, ba za ta kwanta a ƙasa ba. Tashi za ta yi ta sauka, kowa ya san yadda zai yi da wasansa.

*

Rabin farko ya tafi daidai. Zauren ya kwashe da dariya lokacin da Dogo ya durƙusa yana goge takalmin ogansa da hularsa, ya kuma kwashe lokacin da ya tsaya a ƙofar gida yana gwada fuskar fushi kafin ya shiga. Auta tana faɗin layukanta kamar wata ce ke magana da bakinta.

Dogo ya cire bel ɗin roba ya naɗe a hannu. Sai ta ga idanunsa sun wuce kafaɗarta sun zazzaro.

Yaya ne ke tahowa ta tsakiyar kujeru, Kwamanda na bayansa. Bai bi ta matakala ba, dira ya yi a kan dandamalin. Dogo ya dubi bel ɗin hannunsa, ya dubi ƙirjin Yaya, ya saki bel ɗin ya shige ƙarƙashin tebur ya ja kyallen ya rufe kansa.

Zauren ya fashe. Wani ɗalibi ya miƙe yana tafi. "Ga babban zaki ya zo!"

Ba wanda ya san ba cikin wasan ba ne.

"Ina yake?" Yaya ya daka tsawa. "Ina mai rubutun?"

Darakta ya fito daga bayan labule hannuwansa a buɗe. "Yaya, don Allah mu je waje mu yi..."

"Ni ba yayanka ba ne!"

Marin da Yaya ya zabga masa ya yi ƙarar da ta kai layin baya. Tabarau ya yi tsalle ya faɗi gefen dandamali. Dariya ta ninku, wasu na dukan kujeru, wata 'yar jarida ta ɗaga waya tana ɗauka. Yaya ya juya ya dubi fuskokin da ke ƙyaƙyatawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Ni kuke wa dariya? Ni?"

Tambayar ta ƙara kashe su da dariya. Ya juya ya sake kifa wa Darakta mari, wannan karon leɓensa ya fashe. Ganin jinin ne ya sa 'yan layin gaba suka fara yin shiru, amma na baya ba su gani ba tukuna.

Auta ta shiga tsakaninsu. "Ya isa, Yaya! Ya isa! Mu tafi. Zan bi ka, mu tafi gida."

Ya damƙi hannunta. Ba ta yi gardama ba. Suka juya suka nufi matakala, ya ba Darakta baya. Da a nan abin ya tsaya.

Kwamanda da ke tsaye a ƙasa ya tsinci tabarau ɗin, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Auta, wannan ne namijin naki?" ya ce da ƙarfi. "A mare shi a gaban jama'a, a ja budurwarsa a tafi, yana tsaye kamar an shanya riga? Wallahi wanda ke ƙarƙashin teburin nan ma ya fi shi, shi ya san ya gudu. A ba shi zane kawai ya ɗaura."

Ya saki tabarau ɗin ya taka da takalminsa. Wasu samari a baya suka yi shewa.

Auta ta waiga don ta ce da Darakta kada ya kula. Fuskar da ta gani ba ta san ta ba. Idanun da ba ta saba ganinsu babu tabarau ba sun kaɗa sun yi ja, haƙoransa a cije, kujerar katakon na sama a hannunsa.

"Kar ka...!"

A ƙeya kujerar ta samu Yaya. Hannunsa ya saki nata, ya tafi gaba ya kife a kan matakala. Darakta ya biyo shi, ya sake ɗaga kujerar sama da kansa, a kan mutumin da ba ya ko motsi.

Ta faɗa kan yayanta ta rufe shi da jikinta, ta ƙwalla ƙara har maƙogwaronta ya yi zafi.

Kujerar ta tsaya a sama. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka ɗaya da ke juyawa. A hankali ya sauke ta, ya dubi hannuwansa kamar na wani ne aka ara masa.

"Auta... ni... ban..."

"Kar ka matso." Ta kwance zanen wasan ta danne kan Yaya da shi, jinin na ratsowa yana ɗumama mata tafin hannu. "Ya juya maka baya. Na ce zan bi shi. Ba ni kake karewa ba, kar ma ka fara."

Kwamanda ya durƙusa ya cicciɓi abokinsa, yana ba da umarni a buɗe hanya. Da suka haɗa ido da ita, ta ga wani abu a fuskarsa da bai gama ɓoyewa ba. Daɗi yake ji.

*

La'asar ta yi lokacin da likita ya fito ya ce an ɗinke wurin, ya farfaɗo, amma sai an ɗauki hoton kan kafin a san komai. Mama ta zube a benci tana kuka tana kiran sunan Allah. Baba na tsaye da rigar shago, hannuwansa a baya, bai dubi Auta ba tun da ya iso. A gefensa wani ɗan sanda ne da Kwamanda ya kira.

"Ni na ga komai, ofisa," Kwamanda ke faɗi. "Lafiya lau muka je ɗaukar ƙanwarsa. Bawan Allahn nan ko yatsa bai ɗaga ba, sai mahaukacin ya rufe shi da kujera."

Ɗan sandan ya juyo. "Ke ce ƙanwar? Haka aka yi?"

Sai a lokacin Baba ya dube ta.

"Haka aka yi," ya amsa mata. "Za ta faɗa da bakinta." Ya matso har tana jin numfashinsa. "Na kalli abin da kika yi a waya, na haɗiye. Jinin ɗana ne a hannunki, shi ma na haɗiye. Yanzu ki ce haka aka yi, ki ce ba ke ba ɗan wasan nan har abada. In ba haka ba, daga yau ki nemi wanda za ki riƙa ce wa Baba."

"Ki faɗa mana, Auta," Mama ta ce cikin kuka. "Ki rufa mana asiri sau ɗaya a rayuwarki."

Takun ƙafa ya sa duk suka waiga. A ƙarshen barandar Darakta ne, ba tabarau, leɓe a kumbure, yana laluben bango da hannu ɗaya. Dogo na bayansa yana jan rigarsa ya koma, ya ƙi.

"Ni ne," ya ce da ɗan sandan. "Na kawo kaina." Ya juya inda yake zaton take. "Auta, ki gaya musu ke na kare. Ki gaya musu yana janki ne. Don Allah. Kin san ni ba haka nake ba."

Ta dube shi, har yanzu zuciyarta na yi mata wannan bugun da take yi duk lokacin da ya kira ta, kuma ta tsani zuciyar saboda haka. Ta dubi Baba. Ta dubi Kwamanda da ya harɗe hannu yana jira. Kowannensu ya shirya mata layin da za ta faɗa.

Ta goge hannunta a jikin mayafi, ta wuce Baba, ta tsaya gaban ɗan sandan.

"Yayana ne ya fara. Mari biyu ya yi masa, har ya fasa masa baki, shi bai rama ba. Wannan," ta nuna Kwamanda, "shi ya zuga, kuma ƙarya yake yi maka. Wancan kuma," ta juya wajen Darakta, "ta baya ya buga masa kujera, bayan mun juya za mu tafi. Ba ni ya kare ba. Ya sake ɗagawa ma, ni na tare."

Mama ta ɗora hannu a ka. Darakta ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Murmushin Kwamanda ya bushe.

"Kin gama?" in ji Baba, muryarsa a ƙasa.

"Na gama, Baba."

"Na ce ki daina kirana haka."

Ɗan sandan ya yi gyaran murya, ya ce duk wanda aka ambata ya biyo shi ofis, har da mai shaida. Auta ta gyara mayafinta ta shiga gaba. Ba wanda ya kira ta, ita ma ba ta waiwaya ba.